Zuwan Fari Disney World: A Tsara Komai, Ko a Bar wa Ƙafa Zaɓi?

Duk iyalin da suka ƙudura zuwa Walt Disney World karon farko, kafin su ɗaure kaya sai wata gardama ta shiga tsakaninsu. Wani ya ce a zauna a tsara komai tun watanni kafin tafiya: ranar da za a shiga kowane dandali, abin da za a fara hawa, inda za a ci abincin rana, har da ƙarfe nawa za a koma masauki. Wani kuma ya ce hutu za a je yi ba aikin ofis ba, a yanki tikiti kawai a shiga, inda ido ya kai ƙafa ta bi. Gardamar ba ta wasa ba ce. Kuɗin da ke cikinta masu nauyi ne, kuma mafi yawan masu zuwa daga nesa ba su da tabbacin sake komawa, don haka kowane ɓangare yana tsoron kada ra'ayin ɗan'uwansa ya ɓata tafiyar da ba za a maimaita ba.

Masu tsari kan fara da girman wurin, kuma a nan ba a iya ja da su. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan zaci fili ɗaya ne da aka kewaye da katanga, a shiga ta ƙofa a zaga a fito. Alhali Walt Disney World, da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, yana shimfiɗe a kan ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 100. Manyan dandaloli huɗu ne a ciki, kowanne da ƙofarsa da lokacin buɗewarsa: Magic Kingdom da aka buɗe ranar 1 ga Oktoban 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Ban da su ga wuraren wasan ruwa biyu, ga unguwar kantuna ta Disney Springs, ga otal-otal na kamfanin sama da 20. Daga wannan dandali zuwa wancan galibi sai a bas, ko jirgin ruwa, ko jirgin nan mai gudu a sama a kan dogo ɗaya, ko ƙananan akwatunan da ke rataye a waya waɗanda suka fara aiki a 2019. Wanda ya nufi Magic Kingdom da mota ma, inda zai ajiye ta ba bakin ƙofa ba ne. Akwai tafki tsakaninsa da dandalin, sai ya hau jirgin fito ko jirgin dogon sannan ya ƙetare. Baƙon da bai san da wannan ba, ya fito daga otal ƙarfe tara yana ganin ya yi sammako, ba wuya goma ta buga bai ga ƙofa ba.

Rashin sani a nan yana iya somawa tun daga suna. Disneyland daban, Disney World daban: na farkon yana Anaheim ta jihar Kalifoniya, an buɗe shi a 1955, kuma tsakaninsu tafiyar sa'o'i ce a jirgin sama. Yaron da aka yi wa alkawarin zai ga makarantar su Harry Potter ba zai same ta a Disney ba ko an kwana ana nema, domin tana Universal, wani kamfani ne daban a wani gefen Orlando, da nasa tikitin. Tikitin Disney na gama-gari kuwa dandali ɗaya yake buɗe maka a rana. Mai son ya yi safiya a nan ya yi yamma a can sai ya ƙara kuɗi. Waɗannan abubuwa ne da karatun awa ɗaya a gida zai warware, amma idan aka bari sai a bakin ƙofa, maganinsu hannu a aljihu ne ko kuma lallashin yaro mai kuka.

Sai maganar rana. Tun 2018 farashin tikiti ya koma bin kalanda. A 2024 tikitin wuni ɗaya na babba yana kamawa daga dala 109 zuwa 189, gwargwadon rana da dandalin da aka zaɓa, kuma yaro daga shekara 10 kuɗin babba yake biya. Wanda bai kai uku ba ne kawai ke shiga kyauta. Tikitin kwanaki da yawa kuwa kuɗin kowace rana raguwa yake yi idan kwanakin suka ƙaru. Makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi cinkoso da tsada, haka ƙarshen Nuwamba da hutun makarantu na Maris da Afrilu. Satumba ta fi sauƙin jama'a saboda yaran Amurka sun koma aji, amma ita ce tsakiyar lokacin mahaukaciyar guguwa, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. An rufe dandalolin saboda guguwar Irma a 2017, da Ian a 2022, da Milton a 2024. Kuma kada wanda ya saba da zafin Afrilu na Sakkwato ko Damagaram ya raina zafin Fulorida don ya ji an ce digiri 33 ne a Yuli. Zafi ne mai laima, gumi ba ya bushewa a jiki, sannan kusan kullum da la'asar hadari kan haɗu, in aka fara walƙiya a tsayar da duk abubuwan hawan da ke waje. Zaɓen wata, ke nan, shi ke yanke rabin yadda tafiyar za ta kasance, kuma ba a yin sa bayan an sauka.

Akwai wani abu ƙarami da ya fi duk waɗannan ci mini rai. A bakin manyan abubuwan hawa akwai ma'aunin tsawo, sanda ce a tsaye da gicciye a samanta. Yaro zai tsaya a ƙarƙashinta, ma'aikaci ya durƙusa ya duba ko kansa ya taɓa gicciyen. Space Mountain na buƙatar santimita 112, Seven Dwarfs Mine Train 97, TRON kuwa 122. Za ka ga yaro yana miƙe wuya, yana ɗaga dunduniya a ɓoye, ma'aikacin yana murmushi yana ce masa ya sauke ƙafa. In ya gaza ko da faɗin yatsa ne, ba roƙo, ba alfarma, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera ba a yi shi don jikin da bai kai haka ba. Yayyensa su wuce yana kallo. Uban da ya jingina ɗansa da bango a gida ya auna shi kafin tafiya, ya san abin da zai yi masa alkawari da abin da zai ja bakinsa ya yi shiru a kai. Zai kuma san cewa akwai tsarin da ke ba iyaye damar hawa bi da bi, ɗaya ya tsaya da ƙaramin, in ɗayan ya sauko ya karɓe shi, ba tare da an sake bin dogon layi ba. Ko wannan kaɗai ya isa a ce mai shiri ya fi mai zuwa kai tsaye tausayin 'ya'yansa.

Babbar hujjar masu tsari dai ita ce layi. Ƙiyasin masu bin diddigin wannan sana'a ya nuna mutum kusan miliyan 17.7 ne suka shiga Magic Kingdom a 2023, wato sama da dubu 48 a kowace rana in aka raba. Abubuwan da kowa ke rububi, irin su Flight of Passage da Rise of the Resistance, jiransu kan wuce awa ɗaya, a ranar cinkoso ya kai biyu. Amma layin ba ɗaya yake ba a ko da yaushe: da sassafe gajere ne, daga hantsi ya miƙe, sai dare ya sake raguwa. Shi ya sa za ka tarar da waɗanda suka san dawan garin tsaye a bakin igiyar da ake tare hanya da ita tun kafin a buɗe, ana sakinta su nufi abin da ya fi tsawon layi, kafin sha ɗaya sun gama uku ko huɗu. Abin har ya zama fannin ilimi. Littafin The Unofficial Guide to Walt Disney World, wanda Bob Sehlinger ya soma fitarwa a tsakiyar shekarun 1980, a kan haka ya yi suna, kuma abokin aikinsa Len Testa, masanin kwamfuta, binciken digirinsa na biyu ma a kan yadda za a jera abubuwan hawa ne don a rage zaman jira. Gidajen abincin da ake zama a kawo wa mutum kuwa, tun saura kwana 60 ake buɗe kama gurbinsu, kuma waɗanda yara suka fi so, kamar wanda ke cikin fadar Cinderella, kan cika da wuri. Mai tsari zai ce maka: ai ko ka ƙi shiri, wasu sun shirya, kuma a gabanka za su tsaya.

To, mu ji ɗaya ɓangaren, domin ba malalata ba ne kamar yadda masu tsari ke ɗauka.

Abu na farko da suke kafa hujja da shi shi ne ginin wurin kansa. An zana Magic Kingdom ne don baƙon da bai san ko'ina ba. Kana shiga titi ɗaya ne a gabanka, a ƙarshensa ga fadar Cinderella mai tsawon kusan mita 58 tana jan ido. Kana isa gabanta sai ka tarar da da'ira, hanyoyi sun rarrabu daga ita zuwa sassa daban-daban, kowane sashe da abin da ya ɗaga sama yana kiranka. In ka ɓata, ɗaga kai ka nemi fadar ka dawo. Walt Disney, wanda ya rasu a 1966 bai ga an buɗe na Fulorida ba, ya sha ba da labarin cewa tunanin irin wannan wuri ya zo masa ne yana zaune a benci a wani lambu na Los Angeles, 'ya'yansa mata biyu suna kan lilo shi yana kallo, ya ga ya kamata a sami inda uba da 'ya'ya za su ji daɗi tare. Masu sakin jiki sun ce uban da idonsa ke kan waya yana neman gurbin abin hawa na gaba ya koma kan bencin nan, ko da kuwa a tsaye yake kusa da 'ya'yansa.

Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya kalli iyalai a wurin zai gane ta. Yara biyu sun tsuguna a bakin ruwa suna kallon agwagi da 'ya'yanta. Uwar tana tsaye da waya a hannu, batirin ya kusa ƙarewa.

"Maigida, sha ɗaya saura kwata fa muke da gurbi, kuma can ɗaya gefen ne."

"Haba Hajiya, bar su su gama kallon mana."

"In ya wuce, kuɗinmu ne ya wuce."

Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Ita ce ta kwana tana karatu, ita ta tashi da asuba ta kama gurbin, kuma ta san abin da aka biya. Amma ga shi an ja yaran daga abin da suke jin daɗinsa yanzu, ana gaggawar kai su ga abin da aka ce za su ji daɗinsa. A kusan kowane iyali mutum ɗaya ne ke ɗauke da tsarin a kai, sau da yawa uwa, kuma ita ce ke komawa gida ba ta huta ba. In abu ya yi kyau kowa ya ji daɗi, in ya ɓaci ita ake kallo.

Hujjarsu ta biyu ta fi zurfi. Mai zuwan fari bai san abin da zai so ba, to me zai tsara? Jerin da zai samu a littafi ko a intanet na abubuwan da suka fi farin jini ne, kuma farin jini a can yawanci na gudu ne da juyi da faɗowa daga sama. Ba kowa ke son a wuntsila shi ba. Dattijon da ya tashi a gona ƙila abin da zai fi tsaya masa a rai shi ne Living with the Land a EPCOT, inda kwalekwale ke ratsawa da kai a hankali ta cikin rumfunan gilashi, ka ga kayan lambu na girma ba a cikin ƙasa ba, ka ga ana kiwon kifi, kuma wasu daga cikin amfanin a gidajen abincin wurin ake dafa su. Wani kuma jirgin ƙasa mai tururi na Magic Kingdom ne zai burge shi, wanda kawunansa na gaske ne, an ƙera su tsakanin 1916 da 1928, aka sayo su daga yankin Yucatán na Meziko aka gyara. A sashen Maroko na EPCOT, wanda aka buɗe a 1984, Sarki Hassan na Biyu ne ya aiko da masu sana'a suka yi adon bango da na tayil. Mutum na iya shafe rabin awa a tsakar gidan nan mai maɓuɓɓugar ruwa yana bin zanen da ido. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke saman jerin kowa, layinsu ma bai cika tsawo ba. Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma mai bin takarda sau da ƙafa yakan wuce su da sauri yana duban agogo.

Sannan tsari mai tsauri ba ya jure wa ranar gaske. Abin hawa kan tsaya don gyara ba sanarwa. Ruwa kan sauko. Takalmi kan ci ƙafa, domin tafiyar kilomita 10 ko fiye a wuni ba abin mamaki ba ne a can. Zagaye tafkin EPCOT kawai, inda aka jera sassan ƙasashe 11, ya kusa kilomita biyu. Wanda ya zo daga wata nahiya jikinsa na kan agogon gida tukuna. Idan tsarin ya karye da azahar, mai sakin jiki zai nemi inuwa ya zauna, mai takarda kuwa sai ya ji kamar ranar ce gaba ɗaya ta rushe, ya shiga ƙoƙarin cike gurbi da jan gajiyayyun yara. Har gidan abincin da aka kama tun wata biyu kan zama ƙaya, don in ba a je ba kuma ba a soke da wuri ba ana cirar dala 10 a kan kowane mutum.

Akwai kuma abin da masu sakin jiki ke faɗa wanda nake ganin ya kamata masu tsari su saurara da kyau: wannan buƙata ta shiri ba daga sama ta faɗo ba, kuma akwai mai cin ribarta. A 1999 kamfanin ya ɓullo da FastPass, takarda ce kyauta da ke ba ka lokacin dawowa ka shiga ta gajeren layi. Wajen 2014 ta koma ta intanet, ana kama gurbi tun daga gida, har lokacin ba a biyan ko kwabo. An dakatar da ita a 2020 lokacin annoba, kuma a Oktoban 2021 sai ga Genie+ a madadinta, a kan dala 15 kowane mutum kowace rana. A Yulin 2024 aka sake fasali zuwa Lightning Lane, farashi na hawa da sauka bisa rana, manyan abubuwan hawa kuma ana sayar da gurbinsu daban. Daga bisani aka fito da wani mai tsada da kan haura dala 400 a Magic Kingdom a ranakun cinkoso. Kuma duk wanda aka shigar ta gajeren layi, daga lokacin na dogon layi aka yanko masa. Yaron da iyayensa suka tara kuɗin tikiti da kyar yana tsaye yana ganin sa'anninsa na wucewa ta gefe. Wannan yana damuna, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Don adalci, biyan kuɗin hawa daban ba sabon abu ba ne: a 1971 kuɗin shiga dala 3.50 ne ga babba, amma kowane abin hawa da takardarsa, daga A zuwa E, sai a 1982 aka daina. Sai dai a wancan zamanin kowa layi ɗaya yake bi.

Duk da haka, a nan ne hujjar masu sakin jiki ke yin rauni. Ƙin shiri ba ya hukunta kamfanin, iyalinka yake hukuntawa. Wanda ya ce shi ba zai karanta komai ba don ya ƙi wannan tsari, shi ne zai fi kowa tsayuwa a rana, kuma shi ne da la'asar, yara na ƙorafi, zai ciro waya ya sayi abin da ya rage a kan ko nawa ne. Mai sani ne ke iya ƙin saye. Shi ya san cewa sammako na yin rabin aikin da kuɗin ke yi, ya san ana barin mutum ya shiga da abincinsa da abin shansa muddin ba a kwalba ba ne kuma ba giya ba, ya san ruwan sanyi a kofi kyauta ne a wuraren sayar da abincin tsaye. Ya san dabbobin Kilimanjaro Safaris na Animal Kingdom sun fi walwala da safe kafin rana ta take, kuma Animal Kingdom kan riga sauran rufewa. Wurin da aka zana don baƙo marar taswira an zana shi ne lokacin da jama'a ba su kai haka ba.

Ga iyalin Musulmi ma'aunin ya ƙara karkata wajen shiri. Naman alade ya yawaita a abincin Amurka, wani lokaci a inda ba a zata ba, kuma neman abincin halal abu ne da ake tambaya tun kafin a zo, ba lokacin da yunwa ta kama yara ba. Ba a tsara wunin dandalolin da tunanin mai salla biyar ba, don haka gara a san tun da safe inda za a yi alwala da inda za a keɓe. Rangwamen matafiyi ma yana da iyaka: a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya daina ƙasaru, kuma mafi yawan masu zuwa nan sun fi haka daɗewa. Magic Kingdom ba ya sayar da giya sai a gidajen abincin zama, amma EPCOT ba haka yake ba, musamman da daren ƙarshen mako a lokacin bikin abinci da giya da ake yi daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. Mai yara da ya san haka sai ya zaga sassan ƙasashen da rana. Wanda ke buƙatar biza kuma kada ya yanki tikitin dandali sai ta fito, domin ba a cika mayar da kuɗinsa ba.

Masauki shi ma sai an yanke shi daga gida, kuma ba ni ganin amsa ɗaya ta dace da kowa. Mai kwana a otal ɗin kamfanin yana shiga kowane dandali minti 30 kafin sauran jama'a, yana kama gurbin gajeren layi tun saura kwana bakwai alhali na waje sai saura uku, kuma motocin cikin wurin na kai shi su dawo da shi kyauta. Bas ɗin kyauta daga filin jirgin sama dai an daina shi tun farkon 2022. Amma ɗakunan gama-gari mutum huɗu ko biyar suke ɗauka, iyali mai yawa sai ɗaki biyu. Gidan haya mai kicin a wajen garin Kissimmee da ke kusa ya fi araha ga irin wannan iyali, ya kuma warware matsalar abinci, sai dai dole a yi hayar mota a riƙa biyan kuɗin ajiye ta, wanda ya kai dala 30 a rana a 2024. Abin da zan duba kafin komai shi ne minti nawa ne daga ƙofar dandali zuwa gado, domin komawa a yi barcin rana shi ne ke raba iyalin da za su kai dare da fara'a da waɗanda za su watse da la'asar.

Idan aka tambaye ni inda na tsaya, na fi kusa da masu tsari, amma ba har ƙarshen hanyarsu ba. Duk abin da ƙofarsa ke rufewa kafin a iso, a tsara shi da gaske: wata, masauki, yawan kwanaki, dandalin kowace rana, tsawon yara, abinci da salla. Dandali ɗaya a wuni ya wadatar ga mai zuwan fari, ba sai an ƙara kuɗin tsallake-tsallake ba. A kowace rana a zaɓi abu uku da za a yi baƙin ciki in ba a yi su ba, kowa a gidan ya sa baki a zaɓen har da ƙaramin, a yi sammako a gama su kafin azahar. Daga nan a ninke takardar. Sauran wunin na agwagi ne da kwalekwale da duk ƙofar da wani ya ce a leƙa. A bar rana guda a tsakiya wadda ba tikiti ba agogo. Wayar kuma a riƙa karɓa-karɓa, yau a hannun uwa gobe a hannun uba, kuma wanda bai taya karatu ba kada ya zo da ƙorafi.

Mai tsari na gaske zai ce da wannan hanya za a bar abubuwa da yawa ba a hau ba, kuma gaskiyarsa ne. Ko mako biyu aka yi ba a gama wurin, don haka tun daga gida gara a faɗa wa yara cewa ba duka za a gani ba. Wasan wutar dare na gaban fadar Cinderella shi ne abin da ya fi wuyar sasantawa, domin ana yin sa ne bayan duhu ya yi sosai, lokacin da ƙananan yara sun riga sun langaɓe, sannan ga turmutsutsun fita da layin jirgin fito. Dare ɗaya za a ware masa, a yi dogon barcin rana kafin nan, washegari kuma ta zama ita ce ranar hutun.